Yadda Ake Shirya Ziyarar Dausayin Baturiya Lokacin Saukar Tsuntsaye

Wanda ya yi niyyar ganin dausayin Baturiya, da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jihar Jigawa, abu na farko da zai tsayar shi ne watan da zai je, domin wuri ne da kamanninsa ke bin ruwa. Baturiya yanki ne na babban dausayin Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke rarrabuwa su malale a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kafin ruwansu ya tattaru ya zama Komadugu Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. A watan Agusta da Satumba ruwa yakan cika har ya yanke hanyoyi, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san cewa wannan ba lokacin baƙo ba ne, lokaci ne da mutanen wurin ke fama da kansu. A Afrilu da Mayu kuwa yawancin tafkunan sun janye, zafi ya tsananta, baƙin tsuntsaye sun koma. Tsakanin Disamba da Fabrairu ne ake dacewa, saboda hanya ta bushe, ruwa bai ƙafe ba, kuma tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suka ƙetaro Sahara tun daga wajen Oktoba suna nan ba su fara shirin komawa ba. Abin da za a kiyaye shi ne hazo, domin ranar da buji ya taso sosai mutum ba ya iya ganin abin da ke gaɓar tafki, saboda haka yana da kyau a bar rarar kwana guda a cikin shiri.

Saboda waɗannan tsuntsaye ne aka sanya Baturiya a 2008 cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, sannan a 2020 Gwamnatin Tarayya ta lissafa wurin, tare da dajin Falgore na Kano, cikin wurare goma da ta amince su zama sababbin gandun daji na ƙasa. Ma'anar wannan ga mai ziyara ita ce akwai ma'aikatan gandun daji da ya kamata ya sanar da zuwansa, kuma bindiga, danƙo da tarko ba su cikin kayan tafiya.

Daga ɓangaren Kano ana bi ta Gujungu zuwa Haɗejiya, daga ɓangaren Dutse kuma ana iya bi ta Kafin Hausa. Shawarata ita ce a kwana a Haɗejiya, a gama cinikin mai babur ko mai mota tun da yamma, a tashi ana idar da sallar asuba. Masu zuwa da azahar, bayan sun ci tuwon rana a gari, su ne sukan dawo suna cewa ba su ga komai ba sai ciyawa da shanu, alhali tsuntsayen ruwa da hantsi suke kiwo, sai kuma bayan la'asar. Inda kwalta ta ƙare akwai yashi, kuma ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa takan kafe, don haka ɗan acaɓan da ya saba da hanyar ya fi direban gari amfani.

Idan an isa, kada a zarce bakin ruwa. A fara zuwa ƙofar gidan mai unguwa ko dagaci, a yi sallama, a cire takalmi, a gaisa a tsanake, sannan babba a cikin tawaga ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga ƙasar Kano, mun zo ganin ruwa da tsuntsaye, muna neman izini da wanda zai yi mana jagora." Goro ko dabino a hannu ba ya ɓata komai. Wannan gaisuwa ita ce rabin tafiyar, domin mai unguwar ne zai haɗa ku da masuncin da ya san mashigar da take buɗe a bana da wadda ta toshe, kuma idan wani abu ya taso an san da zamanku a gari. Masunci dattijo ana ce masa Baba, a bar shi ya faɗi kuɗinsa, a yi ciniki cikin mutunci kafin a shiga jirgi, a kuma fayyace ko kuɗin na kai da komowa ne da kuma tsawon lokacin da za a yi a kan ruwa.

A kan maganar jirgi ba na sassautawa. Kwalekwalen masunta ba a sassaƙa shi don ɗaukar taro ba, kuma adadin da mai shi ya faɗa shi ne adadi, ko da tawaga za ta rabu gida biyu. Hatsarin da ya auku a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya kife da mutane, galibinsu ɗaliban Islamiyya, ya isa gargaɗi ga kowa a Kano da Jigawa. A zo da rigar kariya daga nutsewa tun daga gari, musamman idan da yara. A zauna a ƙasan jirgi a tsakiya, kada a miƙe tsaye don ɗaukar hoto, kuma a saka waya cikin leda a ɗaure bakinta.

Kallon tsuntsu yana son haƙuri fiye da kayan aiki. Farar riga mai ƙyalli tana korarsu tun daga nesa, don haka a sa tufafi ruwan ƙasa ko ruwan toka, a ɗora rigar sanyi, domin iskar hunturu a kan ruwa da asuba tana shiga ƙashi. A kashe ƙarar waya, a rage murya, a roƙi mai jirgi ya riƙa bi ta yadda rana za ta kasance a bayanku, don wanda ya fuskanci rana baƙin abu kawai zai gani yana motsi. Madubin hangen nesa yana taimakawa, guda ɗaya ma ya ishi tawaga. Kirinjijiya ana jin fitonta kafin a gan ta, kuma idan garkenta ya tashi gaba ɗaya sai ya yi ta kewaya tafkin kafin ya sake sauka. Dinya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, ga baƙi da fari a jikinta. Zalɓe yakan tsaya a ruwa mai iya gwiwa, wuya a lanƙwashe, ba ya ko ƙifta ido, har mai kallo ya gaji ya kau da kai, a daidai lokacin ne zai soka baki ya fito da ɗan kifi yana mutsu-mutsu. Akwai jinjimi, akwai balbela a bayan shanu, akwai kuma ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da ke tsintar abinci a taɓo, waɗanda da yawansu su ne baƙin da suka zo daga Turai. Wanda ya je neman shamuwa a wannan lokaci ba zai same ta ba, don ita baƙuwar damina ce.

Za a ga wata doguwar ciyawa ta cika mashigai har jirgi ba ya iya ratsawa, ita ce kacala, kuma yana da kyau a tambayi mai jirgi labarinta. Tun bayan kammala dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, waɗanda ke tare ruwan da ke gangarowa kogin Haɗejiya, ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi a damina ta ja da baya a rani ta sauya, ruwa ya koma kwantawa a wasu mashigai duk shekara, kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Wanda ya ji wannan daga bakin masunci zai fahimci dalilin da ya sa manomin wurin ba ya murna da kowane tsuntsu yadda baƙo ke yi.

Dausayin gona ce, makiyaya ce, kuma wurin sana'a ne. Kada a taka shukar rani don yanke hanya, kada a ɗaga mali ko koma da aka ɗana don ganin abin da ya kama, kada a ratsa tsakiyar garken Fulani, kuma kada a ɗauki hoton mata ko na kowa sai da izini. Ledar ruwa da gorar lemo a mayar da su cikin jaka. Wanka da wasan ruwa a tafkin da ba ya gudu hanya ce ta kamuwa da tsargiya, saboda dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar a irin wannan ruwa yake zama, don haka a taho da ruwan sha da na alwala daga gida, a kuma tsawata wa yara. Wanda zai kwana a ƙauye ya zo da gidan sauronsa, domin sauron bakin ruwa ba ya jin sanyi.

Idan rana ta take, a fito a huta a inuwar giyayya ko tsamiya, a ci guzuri tare da mai jirgi, a koma ruwa bayan la'asar idan akwai ƙarfi, amma a lissafa lokaci yadda za a fita daga hanyar yashi kafin magariba, bayan an koma an yi wa mai unguwa sallama. Tsarabar da ta dace ita ce goruba da bandar kifi, wadda ake samu a kasuwar kifi ta Haɗejiya. A karya guda a duba cikinsa kafin a biya, don wanda bai ji wuta sosai ba yakan yi tsutsa cikin kwanaki kaɗan, sannan a sa shi a kwali ko kwando maimakon leda, saboda ya riƙa shan iska har a isa gida.