In an gayyace ka yawon ɗanɗanon wiski a birnin Dublin na Ailan, kai kuma ba ka sha

Ƴan uwa na Maradi masu tahiya karatu ko formasiyo ƙasar Ailan, wannan zai same ku, don can kai baƙo mashaya karramawa ce, kamar yadda muke zaunar da baƙo gindin shayi mu sayo mishi kilishi.

Ga yadda abin yake: jagora ya tara ku, ku taka da ƙafa daga wannan mashaya zuwa waccan wajajen unguwar Temple Bar, kowane wuri a zuba ɗan kaɗan a kofi yana ba da tarihi, cewa sai wiski ya shekara 3 cikin gangar katako kafin ya ci sunan, kuma gidan yin wiski na Jameson da ke titin Bow Street tun 1780 aka kafa shi.

To tun kafin a yanki tikiti ka gaya ma mai gayyatar kai tsaye, ni Musulmi ne ba na sha. Kar ka tsaya kwana-kwana, da murmushi ka faɗa. In zuciyarka ba ta kwanta da zaman ba ka ce ku haɗu gidan shayi, ƴan Ailan mashaya shayi ne na gaske, da madara ma.

Abin da nake jin tsoro ma shi ne abinci. “Irish coffee” wallahi ba kafe zalla ba ne, da wiski ciki. Miyar naman shanu kuma wani lokaci da giyar Guinness ake dafa ta, karin kumallonsu akwai alade, don Allah ka tambaya kafin ka sa cokali.

Ka riƙe rigar ruwa, can hadari ba ya sallama.