Yadda za ka haɗa faifan talabijin irin na Baird da kwali

Talabijin ɗin farko faifai ne mai ƙananan huji yana juyawa, shi ke nan. Wani Bajamushe Paul Nipkow ya yi rajistar dabarar a 1884, sai John Logie Baird ɗan Sikotilan ya nuna hoto mai motsi da ita a Landan ranar 26 ga Janairun 1926. Kai ma za ka iya gwadawa a ɗaki.

Samu kwali mai ƙwari, ka yanko da'ira mai faɗin santimita 30, ka shafe ta da baƙin fenti ko alƙalamin maka. Daga tsakiya ka ja layuka 30 zuwa baki, tsakanin kowane layi digiri 12, furotirakta ta 'yan makaranta ta isa. To nan ne aikin yake fa, hujin farko ka yi shi da allura kusa da baki, na biyu a layi na gaba amma ka matso ciki da milimita 1, na uku ka ƙara matsowa, haka har 30, sai ka ga sun yi nadi kamar bayan dodon koɗi. In ka yi garaje hoton zai fito da baƙaƙen zane, gara ka zauna ka auna.

Ka maƙala faifan a motar ƙaramar fanka mai caji. A wani kwalin ka yanke taga mai santimita 3 kowane gefe, ka tsayar da ita gaban hujin. Bayan faifan kuma ka sa farar takarda da ka rubuta babban harafi, ka haska ta da tocilan ta baya, ka kashe fitilar ɗaki ka kunna fanka. Huji ɗaya ko biyu ne kawai ke wucewa ta tagar a lokaci guda amma idonka zai haɗa su ya ga harafin gaba ɗaya. Ka sa tagar a gefe in kana son layukan hasken da hujin ke zanawa su tsaya a tsaye kamar na Baird.

Shi faifan Baird yana juyi 750 a minti, fitilar niyon ce a baya tana ƙyaftawa daidai da siginar rediyo, shi ya sa fuskoki ke fitowa ja-ja. Da irin wannan layi 30 ɗin aka fara gwajin watsa shiri ta tashar BBC a 1929, zuwa 1937 kuwa BBC ta koma kan tsarin lantarki na kamfanin Marconi-EMI mai layi 405 kacokan.

Kar dai ka kai yatsa lokacin da yake gudu, bakin kwali na yanka.