Yadda za ka rufa wa kanka asiri in kana da bindiga mai lasisi a Zamfara

Jama'a duk mai bindiga da lasisi a jihar nan, hukuma kaɗai ta kamata ta san da ita, ba majalisar mai shayi ba. Ɓarayin daji neman bindiga sukai kamar yadda suke neman shanu, kuma infoma cikin gari suke, tare muke cin kasuwa da su.

Fara da duba takardarka, don rufin asiri ba ɓoye ma hukuma ba ne. Dokar bindigogi ta 1959 ta raba abin kashi uku: bindigar toka kwamishinan 'yan sanda na jiha ka ba da izininta, mai baki biyu irin ta farauta sai Sufeto Janar, fistol da bindigogin soja kuwa sai shugaban ƙasa, kenan irin abin nan na Amurka da mutum zai soke fistol a ƙugu da izini ya shiga kasuwa, talaka bai da shi nan. Fom ɗin neman lasisin bindiga da gwamnatin tsohon gwamna Matawalle ta ce za ta raba a 2022, guda 500 ga kowace masarauta cikin 19, fom ne kawai ba lasisi ba, kuma a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Egbetokun, ya ce an dakatar da ba da sabon lasisi. In ka taɓa cika wani fom ko an rubuta sunanka cikin jerin masu bindiga a unguwa, je ka tambayi hannun wa takardar take, kuma wa ka iya ganinta. Haƙƙinka ne, sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023.

Ko a Amurka abin ya taɓa cizon mutane. A Disamba 2012 jaridar Journal News ta New York ta sa taswira a intanet da sunaye da adireshin masu izinin fistol na yankunan Westchester da Rockland, kowa ya latsa ya ga gidan da bindiga take, sai da anka yi doka a Janairu 2013 wadda ta ba mutum damar cire sunanshi daga abin da jama'a ka iya gani. To mu nan ba mu buƙatar jarida, waya ta isa.

Don haka kar ka ɗauki hoto da ita, ko na sallah ne, ko sitatus na WhatsApp da kake ganin zai goge gobe, wani ya riga ya adana. Kar ka tura hoton lasisin a guruf. In za ka yi fotokwafi tsaya kan mai shagon har ya gama, amshe wadda ta lalace ma ka tafi da ita, don sau da yawa ita ce za ka gani gobe an ƙunshe ƙosai ciki da sunanka da hotonka da lambar bindiga, in sikanin ya yi ya goge gabanka. Haka in za ka kai waya gyara.

Sai gida, nan ne wahalar take. Uwargida ta sani don tsaro, amma ku yi magana ta fahimta kar zancen ya kai gidan biki. Yara kuwa kar su gani sam, yaro ba shi da mugun nufi amma gobe duk 'yan makarantar allo sun ji baba na da bindiga. Kulle ta wuri guda, harsashi wani wurin, kuma kar ka ba da aro ko ga ɗan'uwanka na jini don lasisin da sunanka aka yi shi.

In ta ɓace ko an sace, nan kam babu sirri, kai rahoto ofishin 'yan sanda ranar, doka ta ba da kwana 14 amma kar ka jira, kuma ka nemi shaidar rahoton a rubuce ka aje.