Babi na Bakwai: Yadda Ake Kare Mahaɗar Kwano Daga Yoyo

Kwanon rufi, muddin bai yi tsatsa ba kuma ba a huda shi ba, ba ya yoyo a tsakiyarsa. Ɗigon da ke ɓata silin, ya jiƙa buhunan shinkafa a sito, ko ya sa uwargida kwanan zaune tana tara kwanuka da bokitai, kusan kullum ta mahaɗa yake shigowa, wato inda kwano ya hau kan kwano, inda rufi ya jingina da bango, doron rufi, kwarin da rufi biyu suka haɗu, da kuma bakin taga da ƙofa a shagon da aka kewaye da kwano. Abin da ake rufe yawancin waɗannan wurare da shi kafintoci suna kiransa filashin. Falle ne na kwano shimfiɗaɗɗe, marar tudu da kwari, wanda ake yankawa a lanƙwasa daidai da siffar mahaɗar da za a rufe.

Yana da kyau mai karatu ya fara sanin yawan ruwan da rufinsa yake ɗauka. Duk milimita 1 na ruwan sama da ya sauka a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Saboda haka idan rufin gida ya kai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, aka yi ruwa mai milimita 30 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, rufin ya karɓi lita 3,000, wato duro 15 masu cin lita 200. A Jihar Kebbi damina takan riga sauka a Yauri da Zuru kafin ta kai Birnin Kebbi da Argungu, amma ko'ina hadarin farko da iska mai ƙarfi yake zuwa, galibi daga gabas, kuma iskar nan tana iya tura ruwa ya hau sama a kan kwano ya kutsa ƙarƙashin mahaɗa.

Ƙa'idar da ba a ketarewa

Duk wanda ya taɓa ganin ana baibayar ɗaki ya san cewa daga ƙasa ake farawa, kowane layin ciyawa ya sauko ya rufe kan wanda ke ƙasa da shi, har a kai ƙololuwa. Haka aikin kwano yake. Na sama ne yake hawa kan na ƙasa, domin ruwa ya gangara daga wannan zuwa wancan ba tare da ya sami baki a buɗe yana fuskantarsa ba. Idan aka kiyaye wannan, mahaɗa za ta kore ruwa ko da ba a shafa mata komai ba. Idan kuwa aka saɓa, duk kwaltar da za a zuba ba za ta wuce damina ɗaya ko biyu ba.

Hawan da kwano zai yi a kan ɗan'uwansa yana da awo. Daga sama zuwa ƙasa, kada ya gaza santimita 15, wato inci 6, a rufi mai gangara sosai, sa'annan a rufin da ya kusa kwanciya a kai shi santimita 20 zuwa 30, domin can ne iska ta fi samun sauƙin mayar da ruwa baya. Ta gefe kuwa, a kwano mai ƙananan tudu, a ba shi tudu ɗaya da rabi. A fara jera kwano daga ɓangaren yamma ana tahowa gabas, yadda bakin kowane falle zai ba iskar gabas baya. Mutane da yawa suna rage wannan hawa don bandir ɗaya mai falle 20 ya ƙara nisa, kuma wannan tsimi ne mai tsada, domin kuɗin falle biyu ko uku da aka tsira da su ba za su sayi silin ɗin da zai ruɓe ba. Ƙusa kuma a kan tudu ake buga ta, tare da robarta, ba a cikin kwarin da ruwa yake bi ba, kuma ba a danne ta har tudun ya lotsa.

Inda rufi ya jingina da bango

Wannan ita ce mahaɗar da ta fi ba magidanta wahala, musamman yanzu da gidaje masu rawani suka yawaita a garuruwanmu, inda ake ɗaga bulo ya kewaye rufin ya ɓoye shi. Abin da aka saba yi shi ne a tura bakin kwano ya taɓa bango, a kwaɓa siminti a yaɓa a kusurwar, a ce an gama. Ranar da aka yi aikin yana da kyan gani, amma ba ya daɗewa, kuma dalilinsa a fili yake. Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin gari kan haura digiri 40, kwanon da ke cikin rana ya fi iska zafi nesa ba kusa ba, da dare kuma ya huce; ƙarar da ake ji rufi yana yi da tsakar rana ko bayan magariba, motsin nan ne. Idan zafi ya sauya da digiri 40, kwanon alminiyom mai tsawon mita 10 yakan ƙaru da kusan santimita 1, na ƙarfe kuma da kamar rabin haka. Siminti ba ya iya bin wannan kai da komo na kowace rana, sai ya tsage ya rabu da kwanon, ruwan da ke gangarowa a jikin bango kuma ya sami hanya kai tsaye zuwa cikin ɗaki.

Gyaran da ya dace shi ne a sa filashin falle biyu. Falle na farko ana lanƙwasa shi ya yi kusurwa, ɓari ɗaya ya kwanta a kan rufi, ɗayan ya miƙe a jikin bango da tsayin da bai gaza santimita 15 ba. Ɓarin da ke kan rufi ya rufe aƙalla santimita 15, idan kuma bangon yana bin gefen kwanon ne, ya haye tudu biyu kafin bakinsa ya sauka a kwari. Wannan falle a jikin rufi kaɗai ake kafe shi. Daga nan sai a tsaga bango a miƙe, sama da bakin fallen, da zurfin kamar inci 1, a lanƙwasa bakin falle na biyu a cusa shi cikin tsagar, a ƙarfafa shi, a cike tsagar da siminti ko man liƙi, sa'annan sauran jikinsa ya sauko ya lulluɓe na farko da kamar santimita 7 zuwa 10. Kada a haɗa fallayen biyu da ƙusa. Na sama yana tare da bango, na ƙasa yana tare da rufi, kowanne yana motsinsa ba tare da ya ja ɗaya ba, ruwan bango kuma dole ya bi bayan na sama ya sauka a kan na ƙasa.

Wani zai ce falle ɗaya ya isa. A gajeren bango, kamar na ɗakin girki ko makewayi, yana iya isa idan an cusa bakinsa cikin tsaga. Abin da ba ya isa ko kaɗan shi ne a manna filashin a fuskar filasta da ƙusa a shafa wani abu a bakinsa, domin ranar da abin shafawar ya bushe ya ɗaye, bakin ya zama mazurari.

Saman rawanin kansa yana bukatar hula ta kwano wadda za ta rufe kaurin bulon gaba ɗaya, ta ɗan karkata zuwa ɓangaren rufi, bakinta biyu su sauko kamar santimita 5, a kuma ɗan tanƙwara ƙarshensu waje domin ruwa ya ɗiga nesa da filasta. Bulo yana da rami a ciki, kuma idan ruwa ya shiga ta samansa yakan sauka ya ɓullo a bangon ɗaki, fenti ya kumbura, mai gida ya yi ta zargin kwano alhali kwanon ba shi da laifi. Gotar da ke bayan rawani kuma a yi ta da faɗi, kada ta gaza ƙafa 1, ta gangara zuwa indararo, a kuma bar wata ƙofa ta biyu sama kaɗan da ta farko, yadda idan ta farkon ta toshe ruwa zai zuba waje maimakon ya cika ya koma ƙarƙashin kwano.

Game da ginin ƙasa, wanda har yanzu shi ne mafi yawa a ƙauyukanmu, shawarar da ta fi ita ce rufin ya haye kan bango ya yi baki a waje, domin jar ƙasa ba ta riƙe tsaga da ƙusa yadda bulo yake riƙewa.

Doro da kwari

A doron rufi ana kifa filashin mai fuka-fuki biyu, kowane ɓari ya rufe kan kwano da aƙalla santimita 15, a kafe shi a kan tudu. Kafin a kifa shi, a sa filaya a ɗaga ƙarshen kowane kwari na kwanon sama, domin ya tare ruwan da iska ta turo. Aiki ne na ɗan lokaci, amma kafintoci masu sauri sukan tsallake shi, kuma da zarar an kifa doro ba mai iya gani.

Kwarin da rufi biyu suka haɗu shi ne yake ɗaukar ruwa mafi yawa. Gotarsa ita ake fara shimfiɗawa a kan katako kafin kwano, a tanƙwara gefenta biyu sama, kwanon kowane ɓangare ya leƙo cikinta, a bar sarari a tsakiya wanda hannu da tsintsiya za su shiga. Ba a buga ƙusa a cikin gota.

Shago, sito da ɗakin kaji

Inda bango ma na kwano ne, wuraren da ake kula da su su ne saman ƙofa da taga, kusurwa, da gindin bango. A saman taga, ɓari ɗaya na filashin yana shiga bayan kwanon bango, ɗayan ya fito ya rufe kan firam ya ɗan sunkuya waje. Idan aka manna shi a gaban kwanon, ruwan da ke gangarowa zai bi bayansa. A kusurwa ana lulluɓe bakin fallaye biyu da falle mai lanƙwasa wanda ya kama tudu a kowane ɓangare. A gindi kuma, kada kwano ya taɓa ƙasa ko ya nutse cikin daɓen siminti: a ɗaga bulo layi ɗaya ko biyu, kwanon ya sauko ya rufe bakinsa ta waje, domin kwanon da ke zaune cikin danshi daga ƙasa yake fara ruɓewa. Idan bututu ko ƙarfen tanki ya huda rufi, a sa masa kwala ta roba ko ta kwano wadda za ta kewaye shi, a tura bakinta na sama ƙarƙashin kwanon da ke sama, na ƙasa kuma ya hau kan wanda ke ƙasa. Mafi sauƙi dai shi ne a kewaya da bututun ta bango a ƙyale rufin.

Kayan da za a saya

A sayi filashin irin ƙarfen rufin, alminiyom da alminiyom, kwano mai ruwan zinki da irinsa, ƙusa ma haka. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin danshi, ɗaya yakan ci ɗaya, kuma tagulla ita ce mafi ɓarna ga alminiyom da zinki. Ɗanyen siminti ma yana cin alminiyom, don haka a shafa wa bakin da zai shiga tsaga fentin kwalta tukuna. Filashin mai kauri, kamar milimita 0.45 ko 0.55 a alminiyom, ya fi riƙe lanƙwasarsa, siriri kuwa iska tana kaɗa shi har ramin ƙusa ya buɗe.

Man liƙi na silikon iri biyu ne. Akwai mai tsamin wari da ke hawa hanci da an buɗe shi, wanda yake cin zinki ya jawo tsatsa, akwai kuma marar wannan wari, shi ne na kwano. Wurinsa tsakanin fallaye biyu ne, inda rana ba ta ganinsa, bayan an goge ƙura da maiƙo. Tef mai kwalta da ake sayarwa a naɗe yana da amfani wajen toshe tsohon ramin ƙusa ko tsayar da yoyo a tsakiyar damina, amma taimako ne na wucin gadi, kada a yarda a ɗauke shi a madadin filashin a sabon gini. Yanka kuma a yi shi da almakashin kwano. Injin gurza yana ƙona rigar da ke kare ƙarfen, garin ƙarfen da yake watsawa kuma yakan yi tsatsa a kan rufi da saukar ruwan farko, don haka a share rufi tas bayan aiki.

Dubawa kafin ruwa ya sauka

A watan Afrilu, kafin hadarin farko, a hau a duba. Ƙurar hunturu, ganyen dogon yaro da leda sukan taru a gota da bakin indararo su daskare, kuma su ne sanadin yawancin ambaliyar da ake yi a bayan rawani. A hau da sassafe kafin kwano ya yi zafi, da takalmin roba, a taka kan layin ƙusa inda katako yake ƙarƙashi, wani ya riƙe tsani, a kuma lura da wayar lantarki ƙwarai, domin dogon falle a hannu yana iya taɓa ta. Ba a hawa jiƙaƙƙen rufi, ba a hawa ana walƙiya.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya zagaya gidansa ko shagonsa ya ƙirga mahaɗun da ke rufinsa, ya rubuta su a littafinsa, ya auna tsayin filashin da ke jikin bango idan akwai. Wanda ɗakinsa ke yoyo ya nemi mutum biyu: ɗaya ya tsaya a ciki yana kallo, ɗaya ya hau da bokitin ruwa. A fara zubawa daga mahaɗar da ke can ƙasa, a dakata minti kaɗan, sa'annan a matsa zuwa ta sama da ita, domin ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, kuma idan aka fara daga doro ba za a gane wadda ta yi laifin ba. A sa wa wurin alama da alli, a zo da abin da aka gani aji na gaba.