Shirin Hunturu a Katsina: Yadda Magidanci Zai Kare Aljihunsa, Wayarsa da Iyalinsa

Da zarar watan Nuwamba ya raba tsakiya, Bakatsine ba ya buƙatar a gaya masa cewa hunturu ya ƙaraso, domin yakan wayi gari ya tarar hazo ya lulluɓe Hasumiyar Gobarau, leɓɓansa sun bushe, ƙura kuma ta kwanta a kan tabarma duk da an rufe taga. Iskar tana busowa ne daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, musamman ta kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, kuma takan kai mu har ƙarshen Fabrairu. Watanni ne masu cin kuɗi kaɗan-kaɗan ta hanyoyin da ba a cika sanya su cikin lissafi ba, saboda haka shirin da ya fi amfani shi ne wanda aka yi tun sanyin bai kankama ba.

Abu na farko shi ne sayayya da wuri. Rigar sanyi da bargo da safar yara sun fi araha a wurin 'yan gwanjo a watan Oktoba, lokacin da babu mai nemansu, amma idan ka bari sai Disamba, ranar da kowa ya fito kasuwa yana rawar ɗari, to mai kaya ne zai yanka maka farashi. Lokacin ya kuma zo daidai da kaka, sa'ad da gero da dawa da masara da wake suke sauka. Idan kana cikin adashi, ka roƙi uwar adashi ta sanya kwasarka a wannan tsakani, ka sayi hatsin da zai kai ka bazara. Wake dai sai an yi masa dabara: a tabbata ya bushe sarai, a zuba shi a buhun PICS mai ciki uku ko a jarka mai murfi, a ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba, sai ƙwarin su mutu ba tare da an barbaɗa maganin da zai cutar da mai ci ba.

Waya kuwa babbar abokiyar gabarta a wannan lokaci ita ce ƙura. Bara tawa ta ƙi karɓar caji, na sauya caja har biyu a banza, na riga na fara lissafin kuɗin sabon batir. Da na kai ta wurin wani yaro mai gyara a wajen Ƙofar Ƙaura, sai ya kashe ta, ya ɗauki tsinken sakace ya zura a ramin caji a hankali, ya zaƙulo wani dunƙulen ƙura mai kama da auduga, nan take ta kama caji. Kowa zai iya yin haka a gida, sharaɗin kawai shi ne a kashe wayar tukuna, kuma a guji allura ko wani ƙarfe, domin yana iya lalata ƙananan haƙoran da ke ciki. Kada kuma a cusa waya ƙarƙashin bargo ko matashi tana caji, saboda zafin da batirin yake fitarwa ba ya samun mafita.

Daren hunturu dogo ne, mutum yakan shige bargo da wuri ya kama kallon bidiyo, data ta ƙare bai ankara ba. Tun shekarar 2023 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta daidaita gajerun lambobin duba kuɗi da data na duk layukan ƙasar nan, don haka *323# zai nuna maka datar da ta rage, *310# kuma kuɗin kira. Ka shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, za ka ga bambanci cikin mako guda.

Mai sola a gida ya riƙa hawa yana goge faifan aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Hazo ya riga ya rage hasken rana, idan ƙura ta ƙara rufe faifan, batir ba zai cika ba, kuma batirin da ake yawan zuƙewa har ƙasa ba ya daɗewa.

Abin da ya fi damuna, wanda nake roƙon iyaye mata da magidanta su riƙe shi da muhimmanci, shi ne wuta. Komai ya bushe, iska tana kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ɗaki. Sau da yawa ana jona hita a bokiti, a ɗauke wuta, a manta da ita a kwanta, wutar ta dawo cikin dare, ruwan ya ƙone, robar ta kama. Ka mayar da shi al'ada a gidanka cewa da zarar an ɗauke wuta, a zare hita da dutsen guga daga soket, kuma kowa a gidan ya haddace lambar gaggawa ta 112.

Kaskon gawayi ya fi wannan haɗari, domin shi ba ya ihu. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai ne da jiri da kasala da tashin zuciya, mai barci kuwa yana iya zarcewa bai farka ba, kuma jarirai da tsofaffi, waɗanda dominsu ake shigo da kaskon, su ne suka fi saurin galabaita. A hura gawayin a tsakar gida, idan an shigo da shi a bar taga a buɗe, sannan a fitar da kaskon waje kafin kowa ya kwanta. Idan wani ya fara ƙorafin jiri, a buɗe ƙofa, a fito da kowa fili, a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.