Kurakuran da sabbin 'yan wasan Cash 'n Guns suka fi yi

Wata takwas ke nan muna buga Cash 'n Guns a zaurenmu na Gusau bayan sallar isha'i, kuma duk sabon da ya zauna sai ya taka inda na gabansa ya zame. Na gaji da faɗa da baki.

Ga wanda bai san shi ba, wasan kati ne na Ludovic Maublanc da ya fito a 2005, namu bugun 2014 ne. 'Yan daba huɗu zuwa takwas ke rabon ganima a zagaye takwas, kowa da bindigar soso da katin harsashi takwas: uku masu rai, biyar fanko.

Babban kuskure shi ne taurin kai bayan an ji rauni biyu. Rauni na uku mutuwa ce, kuma wanda ya mutu ba a ƙirga dukiyarsa ko sisi. Wannan ya taɓa cina, har yau ina jin zafinsa. A zagaye na bakwai ina riƙe da katin zane biyar na ganima, dala 100,000 ke nan, ga rauni biyu a jikina, ga bindiga uku sun auna ni. A lissafina duk sun ƙarar da masu rai, sai na ƙi kwanciya, wato janyewa daga rabon zagayen don harbi kada ya same ni. Abin da na manta: idan wanda aka auna ya kwanta, katin da aka tanadar masa a kife ake jefar da shi, ba mai ganin mene ne. Ƙanena ya jefar da fanko sau biyu a haka, ni kuwa na ƙirga su a matsayin masu rai. Ya buɗe katinsa, na fita hannu rabbana. Tun ranar, in raunina biyu kuma bindiga biyu suka dube ni, kwanciya nake yi, ko me ke kan tabarma. Wasu a zauren suna cewa tsoro ne. Su yi ta faɗa. Kai da ka tara kaya, me za ka tsaya nunawa? Rabon zagaye ɗaya kawai za ka rasa.

Na biyu, huce haushi da harsashi. An harbe ka a zagayen farko, sai ka zazzage ukunka a kan mutum ɗaya kafin zagaye na biyar. Haba malam! Kowa ya gani, daga nan bindigarka ta zama abin ado, ba wanda zai kwanta maka. Ni fanko nake fara sawa, ina ajiye biyu sai zagaye uku na ƙarshe.

Kada takardar dala 20,000 ta rufe maka ido: wanda ya fi kowa katin lu'ulu'u yana samun ƙarin 60,000. Kujerar uban daba ma rabo ce: wanda ya ɗauke ta shi ke fara zaɓa a zagaye na gaba, kuma yana iya sa mutum ɗaya ya juya bindigarsa kan wani. Akwatin magani yana share rauni duka, ɗauke shi ko don kada mai rauni biyu ya samu.

Kuɗin gaske kuwa ba ya shiga zaurenmu, da ya shiga an koma caca. Bindigogin soson nan ma a kwalinsu suke kwana. Kun san halin da Zamfara ke ciki, ba na yarda yaro ya fita da ɗaya ko ƙofar gida, balle da dare.