Yadda Za Ka Zaɓi Kalmomin Da Za Su Sa Masu Bincike Su Sami Shafinka

Duk wanda ya buɗe shafin intanet domin sana'arsa yana fatan idan mutum ya shiga Google ya rubuta abin da yake nema, shafin nasa ya fito a sahun gaba. Abin da ke haɗa mai nema da shafi shi ne kalmomin da ya rubuta a akwatin bincike, saboda haka aikin yana farawa ne daga sanin sunan da abokan cinikinka suke kiran kayanka da shi.

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa da shadda da leshi a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano. Idan ya cika shafinsa da jimloli irin su "kayan ado masu inganci na zamani", da wuya a same shi, domin mai son saye ba haka yake rubutawa ba. Abin da ya fi kusa da bakinsa shi ne "farashin atamfa a Kano" ko "leshin biki mai sauƙin kuɗi". Don haka ka fara da rubuta tambayoyin da masu saye suke yi maka a shago ko ta WhatsApp, sannan ka shiga Google ka fara rubuta su, ka lura da shawarwarin da yake fitarwa a ƙarƙashin akwatin, domin suna nuna abin da mutane suka saba nema. Manhajar Google Trends, wadda kyauta ce, za ta ba ka damar kwatanta kalmomi biyu ka ga wadda aka fi nema a Najeriya. A ganina ƙaramin ɗan kasuwa ya fi cin riba da jimla mai kalma uku ko huɗu, domin kalma ɗaya tilo kamar "atamfa" manyan shafuka sun riga sun mamaye ta.

Akwai wata matsala da ta shafi masu rubutu da Hausa. Mutane da yawa ba sa amfani da harufa masu ƙugiya a wayarsu, sai su rubuta "dinki" a maimakon "ɗinki". Ka rubuta Hausarka daidai a cikin shafin, domin mutuncin harshen ne, amma ka gwada rubutun biyu a Google ka ga abin da kowanne yake fitarwa, sannan ka bar adireshin shafin da harufa marasa ƙugiya saboda ya yi sauƙin rubutawa da turawa.

Bayan ka zaɓi kalmar, ka sanya ta a taken shafin, wato layin da ake dannawa a sakamakon binciken Google, kuma taken kada ya wuce kimanin harufa 60, domin Google yakan yanke abin da ya ƙaru. Ka sake sanya ta a babban kan maganar da ke saman rubutun cikin shafin, da sakin layi na farko, da adireshin shafin, da kuma bayanin da ake rubutawa a kan kowane hoto. Gajeren bayanin da ke fitowa a ƙarƙashin take, mai kimanin harufa 155, ba ya ɗaga matsayin shafi da kansa, amma shi ke jawo hankalin mutum ya danna. Kada ka ɓata lokaci wajen jera kalmomi a ɓoyayyen gurbin da aka tanadar musu a bayan shafi, wanda ake kira "meta keywords" kuma mai karatu ba ya ganin sa, domin tun shekarar 2009 Google ya sanar cewa ba ya la'akari da shi.

Ka guji maimaita kalma ɗaya a kowane layi. Ƙa'idojin Google sun haramta cusa kalmomi ba gaira ba dalili, kuma tun bayan sauye-sauyen da ya yi a 2013 da 2019 yana ƙoƙarin fahimtar ma'anar jimla gaba ɗaya. Ka ware wa atamfa shafinta, shadda ma shafinta, kowanne da farashi da hotuna da bayanin yadda ake aika kaya.

Daga nan sai ka yi rajistar shafinka a Google Search Console, wanda shi ma kyauta ne. Bayan wasu makonni zai nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana gare su, da adadin waɗanda suka danna, kuma da wannan bayanin za ka gyara taken da ake gani amma ba a dannawa.